MSH2 da MSH6 ba su fito ba a takardar Gwaggo: me wannan ke nufi?

Tambaya: Ni ma'aikacin jinya ne a wata cibiyar lafiya cikin garin Maraɗi. An yi wa gwaggona, ƙanwar mahaifina mai shekara 46, wankin mahaifa saboda jinin da ya ƙi tsayawa, aka aika abin da aka kankaro wajen gwaji. Takarda ta dawo cewa ciwon daji ne na bangon cikin mahaifa, Ki-67 kashi 40 cikin 100, MLH1 da PMS2 suna nan, MSH2 da MSH6 ba su fito ba. Mahaifina ya rasu da ciwon dajin babban hanji yana da shekara 49. An ce mana sunayen nan na ƙwayoyin gado ne masu aikin kwafar DNA. Me ya haɗa su da gano ciwon da maganinsa, kuma ya shafi sauran dangi?

Amsa: Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya jiƙan Baba da rahama. Ɗan'uwa, cikin layukan da ka karanto, lambar 40 ce ke fara tayar wa mutane da hankali, amma ba ita ce mai nauyi ba. Mai nauyin shi ne rashin fitowar MSH2 da MSH6. Shi ne zai iya sauya maganin da za a ba ta, shi ne kuma ya sa rasuwar Baba a shekara 49 ta zama labarin da dole likitanta ya ji tun yau. Amma kafin a ɗora komai a kan layin nan sai an tabbatar gwajin ya yi kyau, kuma a wannan wajen zan fi daɗewa, don a nan aka fi yin asara.

DNA, wanda takardunmu na Faransanci ke rubutawa ADN, igiya ce mai tufka biyu, an jera haruffa huɗu a jikinta: A, T, G da C. Ita A kullum tana fuskantar T, G tana fuskantar C, saboda haka in ka riƙe tufka ɗaya ka san abin da ke kan ɗayar. Kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana ɗauke da irin wannan haɗi kusan biliyan 6 cikin kuromosom 46, kuma kafin ta rabu biyu sai ta kwafe su kakaf, cikin awa takwas ko makamancin haka, tana farawa daga wurare dubbai a lokaci guda. Masu yin wannan kwafar dai furotin ne, kowane da ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi. MCM2 zuwa MCM7 su shida ne suke haɗa zobe su warware tufkar. Duk wanda ya taɓa warware igiyar guga ya san yadda gaba ke ƙara murɗewa, to akwai topoisomerase da ke gaba yana yanka yana sake ɗaurewa don murɗewar ta saki. Marubutan su ne polimeras biyu, waɗanda ƙwayoyin gado POLE da POLD1 ke ƙera babban sashensu, sai PCNA, wani zoben da ke riƙe marubuci kada ya zame daga layi.

Ka ɗauka yaron shago ne ke kwafe littafin bashin Alhaji zuwa sabon littafi. Komai ƙwarewarsa zai yi kuskure, kuma polimeras yakan yi ɗaya cikin haruffa 10,000 zuwa 100,000. Yana da abin gogewa a hannu: da ya ji harafi bai zauna ba sai ya ja da baya ya cire ya sake. Abin da ya kuɓuce masa kuma akwai masu bita da ke biye da shi. MSH2 da MSH6 su ne masu gano wurin da harafi bai dace da abokinsa ba, MLH1 da PMS2 su ne masu kiran a yanke wurin a sake rubutawa. In matakan nan uku suna aiki, kuskuren da ke tsira bai wuce ɗaya cikin haruffa biliyan guda ba. Paul Modrich, wanda ya fayyace yadda masu bitar nan ke aiki, yana cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2015.

Inda yaron shago ya fi tafka kuskure shi ne lamba mai maimaituwa, irin 7777777, don ido kan ɓata lissafi ya rubuta shida ko takwas. Haka polimeras yake zamewa a wuraren da harafi ɗaya ko biyu ke maimaituwa. In babu masu bita, tsawon wuraren nan sai ya yi ta canzawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Wannan shi ne abin da za ka gani an rubuta MSI, idan kuma ta rinin furotin aka gano, wato rinin da ake sa wa yankan nama a kan gilashi don a ga ko furotin yana nan, sai a rubuta dMMR. Hanya biyu ce ta auna lahani ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, kwafa ce ke mayar da tabo ya zama gado ga ƙwayoyin da za su biyo baya. Misali mafi kusa da mu shi ne gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a rumbu. Gubar aflatoksin tana liƙewa a harafin G cikin ƙwayoyin hanta, in aka zo kwafa ba a gyara ba sai marubuci ya sa harafin da ba shi ba, G ta rikiɗe ta koma T a wuri na 249 na ƙwayar gadon TP53. Wannan sauyi sananne ne a ciwon dajin hanta na Afirka ta Yamma, musamman inda ya haɗu da cutar hanta nau'in B. Na Gwaggo ba guba ce daga waje ba, masu bitar ne suka bar aiki.

Ki-67 kuwa ba marubuci ba ne, ba mai bita ba ne. Furotin ne da ke bayyana a cibiyar duk ƙwayar da ke kan hanyar rabuwa, ya ɓace in ta huta. An gano shi a birnin Kiel na Jamus a 1983, daga nan sunan ya samo asali. Kashi 40 na nufin cikin ƙwayoyin ciwo ɗari da aka ƙirga, arba'in sun kama rini. Ba ya nufin ciwon ya ci kashi 40 na mahaifa, ba kuma ya nufin damar warkewa ta ragu da kashi 40. Darajarsa ta danganta da irin ciwon. A ciwon Burkitt, wanda ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, yakan kai kusan 100, kuma wannan na taimakawa wajen tabbatar da shi. A ciwace-ciwacen da ake kira neuroendocrine shi ke raba daraja: ƙasa da 3, daga 3 zuwa 20, sama da 20. A nono, 5 zuwa ƙasa kaɗan ne, 30 zuwa sama da yawa ne, tsakiya kuwa masu karantawa kan saɓa wa juna. A ciwon bangon cikin mahaifa ba da shi ake yanke shawarar magani ba. Abin da ake dubawa shi ne nau'in ciwon, darajarsa daga 1 zuwa 3, ko ya ci rabin kaurin tsokar mahaifa, ko ya shiga hanyoyin jini da na kaluluwa, da ko ya fita waje. Ku ajiye lambar 40 a gefe.

Yanzu ga yadda ake karanta layin da ya dame mu. Furotin huɗun nan biyu-biyu suke aiki, kuma kowane biyu akwai babba da ƙarami. MLH1 ne babban PMS2, MSH2 ne babban MSH6. In babba ya tafi, ƙarami ba ya iya zama shi kaɗai, sai ya ruɓe ya ɓace. In ƙarami ne ya tafi, babba na nan don yana da wasu abokan. Saboda haka ɓacewar MSH2 tare da MSH6 tana nuna lahanin a MSH2 yake, ko a maƙwabciyarsa EPCAM, wadda in gutsurenta ya fita takan toshe bakin MSH2. Da MLH1 da PMS2 ne suka ɓace, da mafi yawan lokaci ba gado ba ne, wani sinadari ne ya rufe MLH1 a cikin ciwon kaɗai, kuma akwai gwajin da ke nuna hakan. Amma MSH2, ga mace ƴar shekara 46 da yayanta ya rasu da dajin hanji bai kai hamsin ba, ana ɗaukar sa a matsayin lahanin gado da ake kira Lynch har sai gwajin jini ya ƙaryata. Yakan ƙaryata a wasu lokuta, inda kwafi biyun ƙwayar gadon, na uba da na uwa, suka lalace a cikin ciwon kawai.

Sai dai rini yakan ƙi kamawa don naman ya lalace, ba don furotin babu shi ba. Hanyar rarrabewa tana kan gilashin kansa. A gefen ƙwayoyin ciwo akwai lafiyayyu: fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin bangon hanyoyin jini, da naman da ke riƙe da wurin. Dole cibiyoyinsu su kama rini su yi ruwan ƙasa, na ciwon su zauna shuɗi. In kowa shuɗi ne, gwaji ne bai yi ba, ba ɓacewa ba ce. Ka duba takardar ko an rubuta cewa shaidar ciki ta fito, da Faransanci témoin interne positif. In babu wannan magana, a kira likitan da ya sa hannu a tambaye shi. A takardar Gwaggo akwai abin kwantar da hankali guda: MLH1 da PMS2 sun kama a kan nama ɗaya, kuma biyun da suka ɓace abokan juna ne. Lalacewar nama ba kasafai take zaɓar abokai biyu ta bar sauran ba.

Tun da tiyatar cire mahaifa na gaba, kai ne ya fi dacewa ka tsaya a kan yadda za a riƙe abin da aka ciro. Da an yanke jijiyoyin jini, nama ya fara narkar da kansa, kuma a zafin Maraɗi na watan Afrilu da Mayu abin ba ya jira. A sa shi cikin fomol, ruwan da ke hana nama ruɓewa, kafin awa ɗaya ta cika. Fomol ɗin da ake nufi mai kashi 10 ne. Wanda ake sayarwa a jarka galibi mai ƙarfi ne, formaldehyde kashi 37 zuwa 40, sai a auna kashi ɗaya nasa a zuba ruwa kashi tara. Wanda aka daidaita tsaminsa da gishirin fosfat, wato formol tamponné, shi ne ake so, don wanda ba a daidaita ba yakan yi tsami in ya daɗe, ya gutsuttsura DNA, ya kuma bar baƙin dige-dige a gilashi. In aka zuba mai ƙarfin ba a sirka ba, waje zai ƙandare kamar fata, ciki ya ruɓe. Yawan ruwan ya ninka girman naman sau goma aƙalla. Mahaifa a cikin kwalbar da ta cika ta dam, da ɗan ruwa a sama, ba ta jiƙa ba. A nemi bokiti mai murfi da faɗin baki, don nama na taurara cikin fomol, abin da ya shiga ƙaramin baki da laushi ba zai fito ba sai an fasa.

Fomol yana ratsa nama a hankali, kamar milimita ɗaya cikin awa guda a farko, daga nan ya ƙara yin sanyi. Mahaifa tsoka ce mai kauri, kuma ciwon yana can cikin ramin. In aka jefa ta a rufe, kafin ruwan ya isa wurin bangon cikin ya zama kunu. Shi ya sa ake tsaga ta gefe da gefe a buɗe ramin kafin a tsoma ta, bisa yadda likitan tiyata da na gwajin nama suka yi yarjejeniya. Shi ya sa kuma rinin MSH2 da ƴan'uwansa yakan fi kyau a kan abin da aka kankaro tun farko fiye da kan mahaifar da aka cire. Wannan ɗan naman na wankin mahaifa da ya riga ya tafi gwaji dukiya ce, kada a ɗauka aikinsa ya ƙare.

Lokacin jiƙa daga awa 6 ne zuwa 72. Tafiyar Yamai ta fi kilomita 600, amma motar safe na kai wa a yini, ba ita ce matsala ba. Matsalar ita ce kwalbar da ke zaune a ƙarƙashin gado mako uku ana haɗa kuɗin gwaji. Siffar ƙwayoyi za ta tsira, a iya cewa ciwon daji ne, amma rini zai raunana, DNA ya guntule, wasu C su koma T na ƙarya, na'urar karanta haruffa ta ba da sauyin da babu shi a jikin mai ciwo. A nemi kuɗin gwaji tare da kuɗin tiyata, kasafi ɗaya ne. Kada a sa nama cikin ruwan gishirin ƙarin ruwa, kada a sa shi a firiza don ƙanƙara na farfasa ƙwayoyi, kuma kada a yi amfani da ruwan Bouin, wannan mai launin rawaya da aka saba da shi a da, don yana lalata DNA. A rubuta suna, lamba, wurin da aka yanko, rana da awar da aka sa a fomol a jikin bokitin ba a murfi ba, a kuma rubuta tarihin Baba a takardar rakiya.

A ɗakin gwaji ana tsane naman a binne shi cikin kaki, ya zama ɗan dunƙule kamar akwatin ashana, daga shi ake fere yanka mai kaurin maikuron 3 zuwa 5. Wannan dunƙule yakan yi shekaru yana da amfani. Shi ake aikawa wani gari ko wata ƙasa in ana son ƙarin gwaji ko ra'ayi na biyu, ya fi gilashin da aka yanka aka ajiye, wanda rininsa ke raunana cikin makonni. Ka rubuta lambarsa, ka tambayi yadda ake karɓar sa aro. Kakin yana narkewa a wajen digiri 56 zuwa 60, kuma gaban motar da aka rufe a rana tsaka yana iya kai haka, sai a sa shi cikin jaka a inuwa.

Maganin farko ga ciwon da bai fita daga mahaifa ba tiyata ce: a cire mahaifa da bututunta biyu da ma'ajiyar ƙwai, a duba kaluluwa gwargwadon hali. Da yawa daga masu irin wannan ciwo tiyatar ce ke warkar da su, kuma lahanin MSH2 bai canza wannan ba. Bayan sakamakon mahaifar ne za a san ko akwai buƙatar gashin ciwon da hasken na'ura, wato radiyoterapi, wanda ake yi a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji a Yamai tun 2021, ko kemo, wanda muka fi ji da sunan shimiyo. Tun binciken da aka wallafa a 2013 aka raba wannan ciwo gida huɗu bisa ƙwayoyin gado, kuma tsarin matakai na 2023 na FIGO, ƙungiyar likitocin mata ta duniya, ya shigar da rabon. Ana fara duba POLE, sai masu bita, sai p53 (furotin da TP53 ke ƙerawa), abin da ya rage shi ne na huɗu. Na POLE abin mamaki ne: abin gogewar marubuci ne ya karye, ciwon na tara kurakurai fiye da kowane, a madubin ƙara girma na ɗakin gwaji yana da muni, amma masu shi suka fi kowa tsira, har ana iya ƙyale su ba ƙarin magani bayan tiyata in yana mataki na ɗaya ko na biyu. Bai kai ɗaya cikin goma ba, kuma ba a gano shi da rini sai an karanta haruffan. Na p53 shi ne mai zafi. Na Gwaggo yana tsakiya.

Dalilin da ya sa yawan kuskure ke zama alheri shi ne garkuwar jiki. Kowane harafi da ya zame yana iya haifar da furotin mai baƙuwar siffa, kuma fararen ƙwayoyin jini na gane baƙo. Ciwon da ba shi da masu bita yana cike da irin waɗannan, shi ya sa a madubi ake ganin sojojin jiki sun yi masa dandazo. Yana tsira ne ta hanyar danna musu wani birki mai suna PD-1. Pembrolizumab da dostarlimab suna sakin birkin. A watan Mayun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da pembrolizumab ga duk ciwon da ya yaɗu mai wannan lahani ko a wace gaɓa yake, karo na farko da aka yarda da maganin daji bisa lahanin ƙwayar gado ba bisa wurin da ya tsiro ba. A 2022 aka wallafa sakamakon mutum 12 masu dajin ƙarshen hanji irin wannan a New York, aka ba su dostarlimab na wata shida, ciwon ya ɓace a dukkansu. A 2023 manyan bincike biyu suka nuna haɗa irin maganin da shimiyo na jinkirta dawowar dajin mahaifa mai wannan lahani sosai. Ana ba da pembrolizumab miligiram 200 ta jijiya duk mako uku. Tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma wurinsa shi ne ciwon da ya yaɗu ko ya dawo, don haka kada a sayar da gona a kansa alhali tiyata ce ake buƙata. Wanda ke kansa kuma, zawo mai yawa, tari da haki, shawara, ko kasala mai tsanani na iya zama garkuwar ce ta juya kan hanji, huhu, hanta ko maƙoshi. Maganin wannan kotizon ne a hannun likita, ba maganin zawo na kanti ba.

Shimiyo kansa mafi yawansa yaƙi ne da kwafa. Carboplatin yana ɗaure tufka biyun ta yadda zoben MCM ba zai iya warwarewa ba. Doxorubicin da etoposide suna kama topoisomerase bayan ya yanka kafin ya ɗaure. 5-FU da methotrexate suna hana ƙera harafin T, marubuci ya zauna ba tawada. Hydroxyurea da kuke ba masu amosanin jini daga wannan gida yake, shi ya sa ake bin ƙirgen jininsu. Paclitaxel, abokin carboplatin a dajin mahaifa, shi ba kwafa yake tarewa ba, rabuwar da ke biyo bayanta yake daskararwa. Akan yi zagaye shida, kwana 21 tsakani. Da yake maganin bai san ciwo ba, mai saurin rabuwa kawai ya sani, ɓargo da gashi da cikin baki da hanji su ke shan wuya. A auna aikin ƙoda kafin kowane zagaye don da shi ake lissafin carboplatin. A gwada cutar hanta nau'in B kafin a fara, don takan farka in garkuwa ta faɗi, kuma tenofovir na hana hakan. Fararen ƙwayoyin jini sun fi faɗuwa tsakanin kwana 7 zuwa 14. Masassarar da ta kai digiri 38 a wannan tsakani ba a cewa ta sauro ce a ba da ƙwaya a koma gida. A gwada ta sauron, amma a ƙirga jini nan take, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda.

Akwai wani wurin da layin nan ke hana magani maimakon ya kawo shi. Mai dajin babban hanji a mataki na biyu da ba shi da masu bita, 5-FU shi kaɗai bayan tiyata ba ya ƙara masa komai, don maganin na buƙatar masu bitar su gane ɓarnar su tura ƙwayar ga mutuwa. Dabarar amfani da raunin ciwo, irin ta pembrolizumab, ita ce kuma ke bayan maganin olaparib, wanda aka amince da shi a 2014 ga masu lahanin BRCA1 ko BRCA2, amma wannan wani lahanin ne daban, ba na Gwaggo ba.

Maganar dangi kuwa, ga tsarinta. Gwaggo za a fara gwadawa, da jini cikin kwalba mai murfi ruwan hoda-shuɗi ta EDTA, a karanta MSH2 da EPCAM tare da sauran ukun. In an sami takamaiman sauyin, sauran dangi wannan wuri ɗaya kawai za a duba musu, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Fara gwada lafiyayye alhali ba a san abin da ake nema ba ɓarnar kuɗi ce, don in ba a ga komai ba ba za a san ko shi ne ya kuɓuta ko gwajin ne bai hango ba. Kwafi ɗaya mai lahani ya isa a gada, daga uba ko uwa, kuma kowane ɗa namiji ko mace damarsa rabi da rabi ce. In Baba na ɗauke da shi, kai da duk wanda kuka haɗa uba haka lissafinku yake, haka ma ƴaƴan Gwaggo. Wanda bai gada ba, ƴaƴansa sun fita. Ka zauna da dattawan gida ka zana zuriya hawa uku: wa ya yi ciwon ciki mai ramewa, wa ya yi bahaya da jini, wace ce ta yi zubar jini bayan al'ada ta ɗauke, wa ya yi fitsarin jini a girma, kowanne a shekara nawa. Tsohuwar ƙa'idar Amsterdam tana neman mutum uku, a hawa biyu, ɗaya bai kai hamsin ba. Kuna da biyu tun ba a bincika ba. A lura da auren zumunci kuma: in miji da mata duka suna ɗauke da lahanin, ɗaya cikin huɗu na ƴaƴansu na iya gadon kwafi biyu, kuma irin wannan yaro ciwon daji na kama shi tun yana ƙarami, sau da yawa a ƙwaƙwalwa ko jini. Ba cika faruwa yake ba, amma dalili ne na a sani kafin a ɗaura wani auren a cikin gida.

Ko gwajin jinin bai samu ba, ba za a zauna jira ba. Mai lahanin MSH2 ana fara leƙa masa babban hanji da na'ura mai kyamara daga shekara 20 zuwa 25, a maimaita duk shekara ɗaya ko biyu. Tazarar gajera ce don tsiron da ke ɗaukar shekara goma kafin ya zama daji a jikin sauran mutane, a nan yana iya yi cikin shekara ɗaya zuwa uku, kuma in an gan shi a lokacin leƙawa ake cire shi. Gwajin jini a bahaya ko hoton eko ba su maye gurbin wannan. Amfanin leƙawa ya rataya a kan wankin hanji: a sha ruwan wankin duka, rabi da dare rabi da asuba, har abin da ke fita ya zama garai kamar fitsari, don tsiron Lynch shimfiɗaɗɗe ne, ya fi son ɓangaren dama, ɗan saura kaɗan na ɓoye shi. A gwada ƙwayar cutar gyambon ciki ta Helicobacter a kashe ta in akwai. Asfirin na rage haɗarin dajin hanji ga masu Lynch, amma likita ne zai auna shi da haɗarin zubar jini. Matan gidan kada su yi shiru da jinin da ya saɓa al'ada, wadda aka tabbatar tana ɗauke da lahanin kuma ta gama haihuwa, daga wajen shekara 40 ana tattauna cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai da ita. Gwaggo ita ma a leƙa hanjinta, in da hali kafin a shiga tiyata, kai ma a sa maka rana a wannan tafiyar.